Bangon da Yake Amsa Daka

Ranar Laraba ce da hantsi, 'yan kwanaki bayan ƙaramar Salla, a shekarar da sojojin ƙasarmu suka fara komowa daga yaƙin Turawa, goran mahaifina ya dawo gida ba tare da shi ba. Ina mashayar ƙauyenmu, gabas da birnin Haɗeja, ni da sa'o'ina muna nutso muna cirar bado, kogi kuwa ya cika ya batse har ya shafe gonakin bakin gaɓa, sai na hangi wani abu yana tahowa bisa ruwa yana juyawa a hankali. Tun daga nesa na shaida shi, domin a wuyansa akwai zanen wuta da mahaifiyata ta yi masa, a gefensa kuma akwai ɗinkin wata tsaga da aka liƙe da ƙaro. Na yi kururuwar murna na ce, "Ga goran Baba!" Na faɗa ruwa na taro shi, na jawo shi gaɓa ina taƙama, ina jiran kan mai shi ya ɓullo a bayansa kamar yadda ya saba yi mini wasa. Ban ga kowa ba. Can sai ga abokan aikinsa sun biyo gaɓa da ƙafa, jikinsu na ɗigar ruwa. Babbansu ya dube ni rungume da goran, ya kau da kai.

Wanda bai tashi a fadama ba, da wuya ya fahimci matsayin gora a wurinmu. Kogin Haɗeja ba ya jiran hadarinmu. Ruwan da aka sheƙa can yamma a ƙasar Kano shi ne yake gangarowa sannu sannu ya iske mu, ta yadda mutum zai wayi gari sararin sama tas, amma ya tarar ruwa ya kewaye ƙauye ya mai da shi tsibiri. Kakanninmu ba su yi jayayya da wannan hali ba, nazarinsa suka yi har suka iya zama da shi. Sun riƙi irin shinkafar da take miƙa wuya tana bin ruwa, in ya ƙaru ita ma ta ƙaru, kanta kullum a sama. Sun san cewa in shamuwa ta sauka damina tana bisa hanya, in kuma baƙin tsuntsayen nan na ƙasashe masu nisa suka rufe tafkunan Baturiya, to ruwa ya fara ja da baya. Kwalekwale sai mai hali, domin itacen da ake sassaƙa shi ya yi mana nisa. Saboda haka suka shuka abin hawansu a bayan gida, watau duma. A bar shi ya ƙosa ya bushe, a fafe bakinsa a kwashe cikinsa, sai ga gora wanda ƙato zai kwanta da ciki bisa bakinsa, ya riƙa tuƙi da hannu da ƙafa, komarsa ta kamun kifi a gaba, kifin da ya kama ya ɗaga ciki ya jefa shi cikin goran. In kuwa kaya ne masu nauyi, sai a ɗaure goruna a ƙarƙashin wani gado na itace, 'yan fito su shiga ruwa suna iyo suna turawa.

Mahaifina yana cikin gwanayen fito na yankinmu, kuma ba don ni ɗansa ne nake faɗin haka ba, duk wanda ya san shi ya shaida. A ran nan umarni ne ya zo ta hannun dagaci cewa a ƙetarar da wani Bature mai awon ƙasa tare da akwatunansa. Dattawa sun so a dakata ruwa ya lafa, amma a wancan zamani umarni irin wannan ba a mayar da shi. Da aka kai tsakiyar kogi sai igiya ta kwance, gadon ya karkata, mahaifina ya saki goransa ya nutsa domin ya ɗaure ta daga ƙasa. Ya kuwa ɗaure, kaya suka isa gaɓa lafiya, ko akwati ɗaya bai jiƙe ba. Shi ne bai fito ba. Aka bi kogi ana laluben ciyayi da gindayen itatuwa har wajen Kirikasamma, ba a sami ko layar damtsensa ba.

Mahaifiyarsa, wadda muke kira Kaka, doguwar tsohuwa ce mai kaifin harshe, wadda ko dagaci yake shakkar haɗuwa da ita a hanya. Da matan ƙauye suka taho gaisuwar mutuwa sai ta tare su a ƙofa ta ce, "Gaisuwar wa? Wadda ta ga gawa ta shigo. Wadda ba ta gani ba ta koma ta dama furarta." Ita a wurinta masu ruwa, watau aljanun kogi, su ne suka riƙe shi, kamar yadda aka sha ba da labarin waɗanda suka ɓace a kogi kana suka komo. Shi ne ɗanta na fari, kuma bisa al'adar kunya ta mutanen da, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Sai dai ta ce "wancan" ko "mai goran nan". Liman ya ce shaidar 'yan fito ta isa a yi addu'a da sadaka, matar mamacin ta shiga takaba, amma ba zai tsallake uwa ya yi haka ba. Wannan ya bar mahaifiyata, Inna Asabe, a rataye. Ba ta da miji, ba ta kuma da izinin yi masa kuka a fili. Ba ta takaba, ba ta kuma kwalliya. Ita 'yar wani ƙauye ce a wajen Kafin Hausa, daga gidan masu haƙar gaiwa, kifin nan da ake tonowa a busasshiyar fadama da rani. Mahaifina yakan tsokane ta ya ce, "Ku ne fa masu kamun kifi da fartanya." Mace ce mai kawaici, wadda ba ta ɗaga ido a gaban surukarta.

Ambaliyar shekarar ta ci gindin ɗakin Kaka, bayan janyewar ruwa ya zube. Da rani ya shiga sai ƙanen mahaifina, Baffa Sale, ya zo daga birni domin ya tayar mata da wani. Shi baduku ne, tun yana ƙarami aka kai shi koyon dukanci, hannunsa ya san fata amma bai san ƙasar fadama ba. Mu a wurinmu in za a yi gini, sai an farfasa ƙasa an jiƙa ta, an zuba ciyawa an tattake da ƙafa, an bar ta ta kwana ta ruɓa, kana a mulmula tubali. Baffa yana sauri ya koma rumfarsa. Da ya ga tafkin bayan gari ya ƙafe, laka ta daddare ta yi tauri kamar dutse, sai ya ga ai Allah Ya riga Ya yi masa tubali. Ya sa aka sassaro manyan hoge ɗungum, aka jera su, aka liƙe tsakaninsu da taɓo, aka ɗora jinka. Yaɓe kuwa ya ce sai ya sake zuwa. Ni ne mai kwana wurin Kaka, don haka ni da ita muka tare a sabon ɗaki, muka rataye goran Baba a bangon gabas.

Bazara ta kama, zafi ya yi tsanani. Wata rana bayan azahar Inna ta matso da turminta inuwar ɗakin tana surfen gero, ni da Kaka muna ciki tana kaɗi ina tsince mata auduga. Inna ta tsaya ta share gumi, a cikin wannan ɗan shiru sai muka ji wani sauti ya fito daga bango, daidai ƙarƙashin goran. Ba kukan ƙwaro ba ne, ba kuma motsin ɓera ba. Nishi ne, gajere mai kauri, irin na mutumin da aka taɓa yana tsakiyar barci. Mazari ya faɗi daga hannun Kaka. Ta ce da ni a hankali, "Maigida, kai ma ka ji, ko kunnena ne?" Na ce na ji. Ta ɗaga murya ta ce, "Asabe, ƙara dakan nan." Inna ta ƙara, ta tsaya, bango ya sake amsawa. Kaka ta rarrafa ta ɗora tafin hannunta a wurin, fuskarta ta yi wani haske da ban taɓa gani ba, ta ce, "Dakan matarsa yake ji. Na faɗa musu, suka mai da ni mahaukaciya." Inna ta leƙo ta tsaya a bakin ƙofa, ta saurara, ta dubi bangon ta daɗe, sa'an nan ta koma ga turminta.

Daga ran nan turmi bai sake barin gindin bangon ba. Kullum in rana ta karkata Kaka za ta ce, "Asabe, lokaci ya yi," Inna ta ɗauki taɓarya ko da babu abin dakawa sai dusa. Wata rana ya amsa, wata rana ya yi shiru, ran da ya yi shiru Kaka ba ta cin tuwo. Matan da suka shigo suka ji da kunnensu suka fita suna salati, aka daina aiko yara ɗibar wuta a gidanmu. Ni kuwa na gaskata da zuciya ɗaya. In na dawo daga makarantar allo, ko daga kai awaki kiwo a fadama, sai in manna bakina a bango in ba Baba labari: cewa na kai sabuwar sura, cewa jar akuya ta haifi tagwaye, cewa na kayar da wane a langa. A dandali yara suka sa mini suna ɗan bango. Wani mai tsiwa yakan ce, "Kai, in ka koma ka gaishe mana da Baba, ka tambaye shi ko gara ba ta dame shi ba!" Na yi dambe a kan wannan magana har na gaji. In na shigo da kumburarren leɓe Kaka takan ce, "Dube shi, mijin banza, ko cefane ba ya kawowa sai rauni," tana faɗa tana gasa mini wurin.

Ana cikin haka yayan Inna, Kawu Ɗanladi, ya zo daga garinsu. Ya durƙusa ya gai da Kaka, suka daɗe suna gaisawa, kana ya ce, "Iya, haƙuri na zo ba ku. Yarinyar nan ba ta sama ba ta ƙasa. Ku yarda a yi wa bawan Allah addu'a, ita ma ta san matsayinta." Kaka ta ce, "Ba ni zan ba ka amsa ba, shi zai ba ka." Ta sa Inna ta yi daka. Bango ya yi nishinsa. Na ga Kawu ya ɗaga kai da sauri, ya dubi hogen, ya dubi ƙanwarsa, ya buɗe baki zai yi magana. Inna ta riga shi, muryarta a sanyaye ta ce, "Yaya, furarka tana jiranka a zaure, kada ƙuda ya faɗa." Suka dubi juna. Kawu ya rufe bakinsa, ya tashi ya fita, washegari ya koma gida shi kaɗai. A lokacin ban fahimci abin da ya wuce tsakaninsu ba.

Ruwan farko ya sauka cikin watan azumin tsofaffi. Tun da azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta yaye jinkar ɗakin ta gefen da goran yake, ruwa ya tsuge kamar ana juye tulu. Bangon da ba a yaɓe ba ya sha ruwa ciki da waje. Inna ta shigo a guje domin ta fitar da mu, Kaka ta ce ba inda za ta, ta zauna dirshan cikin taɓo tana kallon wurin, ni ina maƙale da zanenta. Har la'asar ta yi sanyi ruwa yana bin bango yana zaizayar sa. Da ya fara tsagaitawa sai hogen nan na ƙarƙashin goran ya kumbura, ya tsage, gefensa ya zamo ƙasa. A cikin ramin muka ga wani abu a naɗe, a cikin wata 'yar jaka mai kama da busasshen ganye. Jakar ta motsa. Ta yage. Wani dogon abu mai ruwan toka, ramamme, da ƙafafu sirara kamar zare, ya sulalo ya faɗo cikin ruwan da ya kwanta a tsakar ɗaki, ya buɗe baki ya shaƙi iska, ya yi nishin nan da muka sani.

Gaiwa ce. Daga baya na san sirrinta, kuma har yau ban ga abin da ya fi ta ban mamaki a cikin halittun fadama ba. Ita kifi ce, amma Allah Ya ba ta huhu. In ta ga tafki zai ƙafe, sai ta huda laka ta shige, ta naɗe jikinta ta rufe fuska da wutsiya, ta fitar da yauƙi ya bushe ya zama mata kube, ta bar wata 'yar kafa ƙarama da iska za ta riƙa shiga. Haka za ta kwanta ba ci ba sha, tana cin naman jikinta a hankali, har sai ruwa ya komo ya tashe ta. Masu haƙarta kuwa sun gano cewa in aka bubbuga ƙasa a kusa da ita takan yi gurnani, don haka suke bin busasshen tafki da sanda suna bugawa suna saurare, inda ƙasa ta amsa nan za su tona. Baffa ya saro ta da ɗakinta ya sa a cikin namu, kafar numfashinta tana kallon ciki, taɓaryar Inna kuwa ta zama sandan mahaƙa.

Kaka ta daɗe tana kallon gaiwar tana birgima a gabanta. Kana ta ɗago ta dubi Inna, ta ce, "Asabe, kin sani."

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Na sani, Iya."

"Tun yaushe?"

"Tun ran da ta fara."

"Kika yi ta daka mini dusa kina kallona. Me ya hana ki faɗa?"

Inna ta ce, "Iya, in da na faɗa, da an ce matarsa ta ƙosa ya mutu. Ku kuma sai ta amsa kuke cin abinci. Ba bakina ne zai raba ku da shi ba."

Ni ne na fara fashewa da kuka, domin a sa'an nan ne mahaifina ya mutu a wurina. Na ɗauki taɓarya zan rotse kan gaiwar, Kaka ta riƙe hannuna ta ce, "Bar ta, Maigida. Ba ita ta ce mana ita ce shi ba." Ta sa Inna ta kawo babbar ƙwarya, ta tallabo gaiwar da hannunta ta sa a ciki, ta ɗora a ka. Na bi ta a baya muna ratsa taɓo, mutane suna leƙowa daga zaurukansu, har muka isa wani gurbi mai zurfi na kogi wanda ba ya ƙafewa. Ta durƙusa ta karkata ƙwaryar, gaiwar ta sulale ta shige ba ta waiwayo ba. Kaka ta dubi ruwan ta ce, "Ita an ba ta ikon kwana a tudu. Shi ba a ba shi na kwana a ruwa ba."

Ba gida muka nufa ba. Ta wuce kai tsaye ƙofar liman, ta tarar da shi a kan buzunsa yana jiran magariba tare da dattawa. Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane, ƙwarya a hannu, ta ce, "Malam, Idrisu ya rasu. Ɗana Idrisu. A sanar da mutane." Ta furta sunan a hankali, kamar mai ɗaukar abin da take tsoron ya fashe. Wannan ne karo na farko da na ji shi a bakinta, ban kuma sake ji ba har ta koma ga Mahaliccinta. Washegari aka shimfiɗa tabarmi aka karɓi gaisuwa, Inna ta shiga takaba, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Bayan ta fita takaba danginta suka zo suka tafi da ita, Kaka da kanta ta raka ta har bakin mashaya. Ni na zauna tare da tsohuwa. Baffa ya zo ya yaɓe ɗakin, amma ta hana shi toshe ramin, ta kuma haramta wa tukunyarta gaiwa. Wani lokaci in maƙwabta suna daka, nakan gan ta ta ɗora hannu a wurin, ta daɗe, sa'an nan ta janye.

Yau an tare kogin da madatsai can sama, ruwa yana zuwa ne sa'ad da aka sako shi. Ciyawar kacala ta cinye mashayar da na tsinci goran, tafkin da Baffa ya sari hoge ya zama unguwa. Gidaje na bulo da siminti ne, hatsi kuwa inji ake kai shi, yaro yakan girma bai san amon taɓarya ba. In na ba jikokina wannan labari sai su yi dariya su ce, "Kaka, kifi a cikin bango?" Ba na ganin laifinsu, ba su ga fadama sa'ad da take fadama ba. Na san abin da yake cikin bangon nan, na gan shi da idona, na raka shi har kogi. Duk da haka, in na bi ta wani lungu na ji wata baiwar Allah tana daka, ƙafata takan tsaya da kanta, in karkata kunne ga bangon da ya fi kusa da ni. Har yau babu wanda ya amsa.